Ranar da Na Wanke Tsakiyar Inna Dudu

Ku matso nan kusa da tabarmata, ku 'yan matan da ke zura duwatsun roba a zaren kamun kifi, ku ɗan ajiye abin hannunku. Jiya na ji ɗayarku tana cewa wai shirya dutse ba sana'a ba ce, hira ce kawai da hannu ke taya baki. Ban tanka ba don bakina cike yake da goro. Yau babu goro, sai ku saurara.

A Gwandu aka haife ni, a ɗakin Gwaggo Tumba, yayar babana, na tashi. Ita ke shirya wa matan unguwarmu duwatsun wuya da na hannu da jigida, ita ce kuma ke cura gashin tumaki ta yi abin da ake ɗora kitson doka a kansa. Kayan aikinta duka ba su cika ƙwarya ɗaya ba: allurai uku, tsinken ƙarfe da maƙeri ya yi mata don share hujin dutse, dunƙulen kakin zuma da ya yi baƙi saboda hannu, mazari, 'yar wuƙa, da wata tsohuwar tasa da ta lotse a gefe. Sai faifai. Amma shekara biyu na yi a gabanta ba ta bar ni na taɓa dutsen kowa ba. Zare kawai. In kaɗa auduga siriri, in tufka shi ruɓi shida, in ja shi cikin kaki har ya yi santsi. Idan na ce na gama, sai ta ɗaura masa ɗan dutsen niƙa ta rataye a jikin gwafa, ta ci gaba da hirarta. Ya tsinke, in sake wani. Bai tsinke ba, ta ce, "To, wanga ya yi rabin kirki." Har ta koma ga Allah ban taɓa jin ta ce ya yi kirki duka ba.

Aikin farko da ta sakar mini ni kaɗai, doka ce ta wata matar mahauci. Ku da ba ku ga zamanin doka ba, kitso ne da ake tayarwa a tsakiyar kai kamar zankon zakara, dole kuma a sa wani abu a ƙasa ya riƙe shi. Yawancin mata tsumma suke naɗewa, shi kuwa tsumma in ya sha mai da gumi, kwana bakwai maigida ya fara juya fuska bango. Na Gwaggo na gashi ne, ba nauyi, ba wari. Ba gashin tumakinmu na nan ba, nasu kaushi gare shi, ba ya kama juna. Na wasu tumaki ne na can yamma, fatake ke saukowa da shi a buhu, cike da ƙaya da ƙasa. A tsince shi, a yayyage da yatsu har ya koma kamar audugar da aka shiɓa. A shimfiɗa hawa-hawa a kan tabarma, wannan a tsaye wannan a gicciye, a yayyafa ruwan zafi da sabulun salo, a naɗe tabarmar, a durƙusa a yi ta murza da hannu da gwiwa. Ba saƙa, ba ɗinki. Gashin ne da kansa ke cuɗewa ya kama ɗan'uwansa, har ya zama abu guda da sai wuƙa ke raba shi. Ruwa ya huce, aiki ya tsaya. Kika gaji kika bari da wuri, waje ya kama, ciki bai kama ba. Haka tawa ta yi. Matar mahauci ta tafi biki, ana tsakiyar rawa doka ta kwanta mata gefe ɗaya kamar rumbun da gara ta ci. Ta dawo da ita a hannu tana huci. Gwaggo ta dubi abin, ta dube ni, ta ce, "Ige, wagga doka ce, ko kaza ce jaki ya taka?"

Wannan kuskure dariya aka yi masa, don gashi ne, ana sayen wani. Dutse ba haka yake ba. Ranar da ta fara miƙo mini murjani, ta kama kunnena da yatsu biyu ta gaya mini ƙa'ida biyu. Ta farko, tsohon zare ba a yanke shi sai mai abu tana zaune, da wata ta uku tana gani. Ta biyu, tsohon dutse ba a wanke shi, a goge da busasshen tsumma a bar shi. Na ce don me, Gwaggo, ga datti kamar gindin tukunya? Ta ce, "Dattin naki ne?" Ba ta ƙara ba, ni ma ban ƙara ba, don kunnena na hannunta.

Da aure ya kawo ni Kalgo, na zo da ƙwaryar kayan aikina da waccan tasa da Gwaggo ta ba ni. Ba na fita, kuma ban damu da fita ba, ni ɗakina ya ishe ni duniya. Ƙafata da bakina wata dillaliya ce da ake kira Ta Diggi, don daga can aka auro ta. Gajeruwa ce mai faɗi, lefe a kai, babu zauren da ba ta ratsawa, babu tukunyar da ba ta san abin da ke ciki ba. Ita ke kawo mini aiki, ita ke kai shi. Ku gane wani abu: mai shirya dutse ba ta da rumfa a kasuwa. Sunanta ne rumfarta. Mace za ta cire abin da kakarta ta bar mata, abin da ko mijinta ba ta ba shi ya riƙe ba, ta sa a hannunki ta juya baya. Ranar da aka ce wance ta taɓa musanya dutse, ko ƙarya ce, an gama da ita.

Na ga an gama da wata kuwa. Shekarar da ruwa ya yi yawa ne, ya kwantar da gero a gona, ya nutsar da shinkafar fadama, bazarar da ta biyo baya mutane suka koma kan ganye da garin rogo. Aiki ya ɗauke mini ɗif. Wa ke ta doka, ciki na kuka? Abin da Ta Diggi ke yawo da shi a ƙasan lefe a lokacin, murjani ne da tsakiya na gado, mata suna sayarwa a ɓoye. Wasu kuma sai su sayi na kwalba, irin wanda ake kawowa kanti, su cike gurbin don kada dangi su gane. Da aka samu sauƙi aka fara buɗe adudu, sai rigima. Wata mai sana'armu a can ƙasan gari aka ce an kai mata murjanin gaske ta mayar da na kwalba. Ta rantse, ta yi kuka, babu shaida ko ɗaya ta nan ko ta can. Ba a kai ta gaban kowa ba. Daina kai mata aiki kawai aka yi, in ta shiga gidan suna mata su riƙa dafe wuyansu. Kafin damina ta zagayo ta koma garinsu.

A irin wannan iska ne, shekara guda bayan yunwar, aikin ya zo mini. Wata Bafillata ce mai suna Shatu, daga wata ruga wajen Dangoma, ita ke kawo mana nono ranar kasuwa. Ta sauke ƙwarya, ta zaro wani ƙunshin fata daga zaninta. Ta ce na surukarta ne, Inna Dudu, tsohuwar rugar. Jikar tsohuwar ta zo gida haihuwar fari, wata ya kama, ranar suna za a rataya mata wannan, amma zarensa ya ruɓe. Na kwance. Tsakiya ce, dogayen jajayen duwatsun nan, goma sha tara, da ƙananan murjani a tsakaninsu. Ja dai na ce muku don na san tsakiya, amma a ido baƙaƙe ne wuluk, man shanu da hayaƙi da gumin wuya sun yi musu riga.

Na ce, "Zauna in aika a kira Ta Diggi, mu yanke a gabanki."

Ta ce, "Haba Ige, rana ta yi, nonona zai yi tsami. Ke dai yi abinki. Inna ta ce in zauna har a gama, amma wa zai gaya mata ban zauna ba? Mun san hannunki."

Mun san hannunki. Wannan kalma ce ta ci ni. Yarinya ce ni, shekara guda ban ji an yabi hannuna ba. Na ce to, je ki.

Safiyar ranar na murza gashi, ga ruwan sabulu nan da ɗuminsa a gefe. Na sa wuƙa na yanke zaren ni kaɗai, ba kowa sai kaji. Warin tsohon mai ya bugi hancina. Na ce a raina, abin da za a rataya wa mai jego ranar suna, a gaban jama'a, ya fita daga ɗakina da wannan ƙazanta? Bari in nuna musu aikin 'yar Gwandu. Na kwashe su duka na zuba a ruwan, na dirje da soso, na bi kowane huji da tsinke. Suka fito ja-jawur, wasu da farin zane a jiki, gwanin sha'awa. Na ɗauraye, na fara jefa su ɗaya-ɗaya cikin tasa don su tsane.

Kunnena ne ya fara gaya mini. Tsakiya in ta faɗa tasa, ƙara gajeriya take yi mai nauyi, ta tsaya. Na jefa wata, sai na ji ta yi wani siririn kuka. Na ɗauko ta na kai haƙori. Dutse sanyi gare shi a haƙori, wannan kuwa babu. Na fita da ita rana. Ga layin nan siriri daga kai har gindi, inda aka haɗa ta a wurin zubi. Hujinta a miƙe sambal, bakinsa da kaifi, alhali tsohuwar tsakiya ta gefe biyu ake huda ta, hujin ya haɗu a karkace, bakin kuma zare ya cinye shi ya yi laushi. Kwalba ce. Na sake jefa su duka, na sake. Uku ne. Goma sha shida dutse, uku kwalba, kuma babu mahaluƙin da ya ga yadda suka shigo ɗakina.

Tuwon ranar gishiri biyu na zuba wa miyarsa. Maigidana ya dawo daga fadama, ya kai loma ɗaya ya ajiye, ya ce, "Yau teku aka aurar a gidan nan?" Na jawo faifai na nuna masa. Ya daɗe yana juya ɗaya a hannu, shi manomi ne, duk ja ja ne a wurinsa.

Ya ce, "Mayar musu da baƙinsu mana. Ga tukunya, ga mai. Yadda suka zo su koma."

Na gwada, ba zan ɓoye muku ba. Na kankaro baƙin tukunya na kwaɓa da man shanu na shafa wa guda. Ya zauna a kanta kamar kwalli a idon jariri, ana taɓawa yana bin yatsa. Dattin shekara hamsin ba a yin shi da hantsi ɗaya. Ga shi kuma na zube su wuri guda, ban san wace ke bin wace ba, su kuwa masu abin gado kowane dutse sun san mazauninsa. Maigidana ya duba ya girgiza kai ya ce, "A'a, bari. Ko ya ɓoyu yau, ranar da ya tonu hannun ƙarshe za a tambaya, hannun ƙarshe kuwa naki ne." Ya ce ko ya ɗaura wa jaki akumari ya tafi Gwandu ya ji ta bakin Gwaggo. Na ce kada ya je. Tafiya da dawowa kwana huɗu, ga shuka, ga haihuwar jikar tsohuwar ko yau ko gobe. Ban da haka na san abin da za ta fara tambaya: wa ke zaune da aka yanke zaren?

Kwana goma sha huɗu duwatsun nan suna ƙarƙashin gadona a cikin tasa, an kife da faifai. Kowace sallama na ji a zaure sai na miƙe tsaye. Na ɓata gashi na doka biyu don ina barin ruwa ya huce ina zaune. Ta Diggi ta shigo ta ce, "Ke kuwa mi ya same ki, kin rame kamar kazar mayu? Ko an samu ne?" Na ce zazzaɓi ne. Ta ce, "Zazzaɓin da ke kallon ƙarƙashin gado?" Na ba ta goro don ta tafi.

A cikin kwanakin nan na gama shari'ata ni kaɗai, na yanke hukunci: Shatu ce. Ita ta sayar da ukun lokacin yunwa, ita ta ƙi zama don a yanke zare ba shaida, ta sami wuyan da za ta rataya wa laifi. Duk abin da ta faɗa na juya shi ya zama tarko. Na ƙudura cewa ranar da za a zo karɓa, ba zan buɗe baki ba sai da ido na uku, kuma idon da duk Kalgo ke gani da shi.

Ranar kasuwa ta biyu labari ya riga su isowa, an haihu, namiji, suna jibi. Na aika wa Ta Diggi ta zo ta zauna, na ce akwai abin da nake so ta gani. Ta zo da wuri, ta baje a bakin ƙofa, lefe a cinya. Hantsi ya ɗaga sai ga Shatu, bayanta wata doguwar tsohuwa siririya, da sanda, idonta ya fara fari. Ban taɓa ganinta ba sai ranar. Muka gaisa, na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa, ta taɓa da leɓe ta ajiye. Na jawo tasa na buɗe faifai.

Hasken ƙofa ya faɗa a kansu. Tsohuwar ta sunkuya, ta kai hannu, ta tsaya bai kai ba. Ta ce, "An wanke su."

Na ce, "An wanke, Inna."

Ta ɗago ta dubi Ta Diggi, ta dubi Shatu. Ta ce a hankali, "Ɗiyata, su waɗanga su ɗan ba mu wuri. Ni da ke za mu yi magana."

Na ji muryar sarai. Ba muryar mai zuwa faɗa ba ce, roƙo ne. Amma matar ƙasan gari na tuna, da yadda ake dafe wuya in ta shigo. Na ce, "Ki gafarce ni, Inna, abin da zan faɗa sai da shaida." Na ware ukun gefe guda a kan faifai. Na faɗi komai: na yanke zare ba kowa, na wanke, laifina ne, amma waɗannan ukun kwalba ne, kuma haka suka zo mini.

Shatu ta yi tsalle ta miƙe. "Kwalba? La'ilaha illallahu! Abin da na ɗauko daga wuyan Inna da hannuna? Kaɗo, kin ci amana! An gaya mana halin matan gari ba mu ji ba!"

Na ce, "Wa ya ƙi zama? Wa nononta zai yi tsami?"

Ta ce, "Au, ni kike nufi? Ni? Wallahi yau sai gaban alƙali, bari in kira mazanmu a kasuwa!"

Ta Diggi ta daina tauna goro, idonta na zuwa nan na zuwa can kamar mai kallon dambe. Na san kafin azahar rabin gari ya ji, abin da ban sani ba shi ne da wane suna zai ji. Shatu ta kai bakin ƙofa. Tsohuwar tana zaune, ɗaya daga cikin ukun a tafin hannunta, tana murza ta da babban yatsa. Da ta yi shiru ta bar Shatu ta fita, shi ke nan, maganar Bafillata biyu a kan tawa. Na tsaya ina kallon bakinta.

Ta buga sanda a ƙasa sau ɗaya. "Dawo ki zauna."

Shatu ta dawo.

"Yarinyar ba ta ɗauki komi ba. Ni na sa su."

Ta ci gaba, ba ta kallon kowa, faifai take kallo. Ta ce lokacin da maza suka yi kudu da shanu neman ciyawa, aka bar mata da yara a ruga, 'yan shanun da suka rage ba nono. Ta ce wa mutanen gida za ta gaida wata 'yar'uwa, ta tafi wata kasuwa mai nisa inda ba a san fuskarta ba. Can ta bar uku mafi girma, ta sayi waɗannan, ta ɗaura su da kanta. Ta dawo da gero a kan jaki.

Shatu ta ce, muryarta ta sauka, "Geron da kika ce kawu ya aiko?"

"Kawunku ya aiko da gaisuwa."

Shatu ta ja gefen zaninta ta rufe fuska. Ku ba ku san mutanen nan ba. Tsohuwa irin wannan ko ruwa ba ta sha a gaban surukarta, bare ta buɗe baki ta ce yunwa ta taɓa shiga gidanta har ta kai hannu ga abin gado. Da ta faɗi haka, gara mata a ce ta mutu a hanya. Tsohuwar ta ce wata uku tana shafa musu mai tana rataye su bisa hayaƙi, har ita kanta sai ta lalubo take gane su. Sannan ta ɗago fararen idanun nan ta sauke su a kaina.

"Akwai masu shirya dutse kusa da mu. Na tsallake su na aiko nan, don an ce mini ke ɗiyar Tumba ce ta Gwandu, gidan Tumba kuwa ba a wanki. Wa ya aike ki?"

Na ce, "Ba kowa, Inna."

Ta ce, "To ɗauko zare, rana na yi."

Na ɗauko wanda na tufka tun kwana goma, na ja shi cikin kaki. Ta karɓa ta naɗe a hannu biyu ta finciko, bai ce komai ba, ta miƙo mini. Ita ke lalubo dutse tana ba ni ina zurawa. Wannan na kakarta ne, da shi aka zo daga gabas. Wannan mai tsaguwa saniya ce ta taka shi. Wannan uwarta ta saya da maraƙi. Kowane da mazauninsa, ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba, ni kuwa sai da na soki yatsa sau biyu. Da muka kusa tsakiya na yi ƙarfin hali na ce, "Inna, ukun nan in kai su ƙeya, in cura ɗan gashi in rufe su? Ba mai gani."

Ta yi wata 'yar dariya ta hanci, ta nuna Ta Diggi da sanda. "Sa su gaba, inda na gaske suke. Abin da wagga ta gani, ai kasuwa ta gani."

Ta Diggi ta dafe ƙirji ta ce, "Ni? Haba Inna, ni bakina alaikum." Tsohuwar ba ta ko waiwaye ta ba.

Na ƙulla, na ƙone bakin zaren, na naɗe a fatar. Ta sa Shatu ta ajiye mini ladana da curin man shanu, na ce a bar shi, ta ce ba ta cin aikin kowa. Ta dogara sanda ta fita, surukarta na biye, tazarar da ke tsakaninsu ta fi ta zuwa.

Kafin la'asar labari ya kai bakin kogi. Yadda Ta Diggi ta kai shi, wai akwai wata yarinya 'yar Gwandu da ke gane kwalba da kunne, kuma ko a gaban wuƙa ba ta ɓoye gaskiya. Aiki ya yi ta zuwa, daga Diggi, daga ƙauyuka, har wanda ba zan iya ba. Da wannan suna na ci abinci shekara arba'in, da shi na aurar da 'ya'ya. Amma labarin ba shi kaɗai ya tafi ba, ya tafi da ɗan'uwansa: tsohuwar rugar Dangoma ta sayar da gadon gidansu ta ci, ta rufe da kwalba. Inna Dudu ba ta sake taka kasuwar Kalgo ba har ta rasu. Shatu kuwa ta ci gaba da kawo nono gari, ina jin muryarta daga ɗaki tana tallar gida-gida, in ta zo daidai zaurenmu ta yi shiru, sai ta wuce sannan ta ɗora.

To ku masu cewa hira ce, ga tasa a gabanku, ga kwalba uku, ga dillaliya a bakin ƙofa, ga tsohuwa ta ce a ba ku wuri, kuma ba ku san abin da za ta faɗa ba in an fita. Ke da kika yi maganar jiya, ke nake tambaya: da kin sallami shaidar, ko da kin riƙe ta?